Waƙa a Memori, Kuɗi a Aljihun Wa?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa daga nan Yawunde. Gaisuwa ga iyayenmu da malamanmu na Briqueterie. Gaisuwa ga teloli da ke kan keke yanzu haka, da masu shagunan atamfa da shadda, da masu tsire da suka fara hura gawayi, da iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida. Mutanen Tsinga da Mokolo da Nlongkak, ku ma muna gaishe ku.

Yau maganar waƙa za mu yi: yadda take shigowa wayoyinmu, wanda ke biya, da wanda kuɗin ke isa hannunsa. Na san a cikin masu saurarenmu akwai waɗanda ba su jin kiɗa, kuma ina girmama matsayinsu. Malam, kada ka murɗa akwatin tukuna. Duk abin da zan faɗa ya shafi ƙasidar yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shafi fim, ya shafi littafin da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi aka watsa a WhatsApp. Hanyar ɗaya ce, kayan da ke bi ta kanta ne suka bambanta.

Yaushe rabonka da ka sa hannu a aljihu ka sayi waƙa? Ina nufin ka biya kuɗi, ka san wani abu daga ciki zai kai ga wanda ya rera ta. Yawancinmu za mu ce an yi shekaru. Matasan da ke ƙasa da shekara 20 ma, da yawansu ba su taɓa yi ba, ba su ma san ana yi ba. Daga nan ne ake cewa mutane sun daina kashe kuɗi a kan waƙa. Ni ban yarda da wannan magana ba. Ka sayi waya, ka sayi memori, ka sayi sifika mai Bluetooth da ke tashi a shagonka tun safe. Kana sayen data a wurin MTN ko Orange ko Camtel, kuma kaso mai tsoka na wannan data a kan waƙa da bidiyo yake ƙonewa. In memorin ya cika ka kai wa mai turi ya goge ya zuba sababbi, ka biya shi. Kuɗi na fita kullum. Mai waya ya samu, mai data ya samu, mai turi ya samu. Mutum ɗaya ne aka tsallake a layin, shi ne wanda ya kwana yana tsara baiti, ya biya situdiyo, ya sallami mai kiɗa da 'yan amshi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manya a cikinmu za su tuna zamanin kaset. Kaya kan taso daga Kano, su biyo ta Yola ko Mubi su shigo Garwa, su gangaro Ngaundare, jirgin ƙasa ya kwana da su a hanya ya sauke a Yawunde. A cikin kayan nan har da kaset-kaset na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, da na tafsirin malamai, daga baya kuma finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da ta tashi kan mutane. Kada mu yaudari kanmu, ko a wancan lokacin ana kwafa. Cinikin kaset na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya ginu ne a kan gurza finafinan Indiya da na Amurka ba da izinin kowa ba, kuma a kan wannan hanyar ce fim ɗin Hausa ya hau ya zagaya duniya. Sai dai 'yan kasuwar da masu shirya fim sun samo wata dabara a tsakaninsu. Furodusa zai buga kwalaye masu hoton fim ɗinsa, ya kai wa ɗan kasuwa tare da kaset na asali. Ɗan kasuwa ya gurza a kan kaset ɗinsa, ya sa a kwali ya sayar, ya biya furodusa gwargwadon kwalayen da suka tafi, waɗanda suka yi kwantai ya mayar masa. Kwalin nan shi ne shaidar haƙƙi. Abu ne da ake gani da ido, ake ƙirgawa da hannu.

Kaset kuma yana da nasa birki. Kafin ka kwafa sai ka sayi wanda babu komai a kai, sai ka zauna ka jira ya gama juyawa. Kwafin kwafi kuwa murya ta dushe, hoto ya yi ruwa, har ka ga gara ka sayi mai kyau. Faifan CD ya rage wannan birki. Memori da Bluetooth suka cire shi gaba ɗaya. Yau waƙar da ta bi ta wayoyi dubu tana nan garau kamar yadda ta fito daga situdiyo, kuma wanda ya tura maka bai rasa tasa ba. Da Xender a cikin daƙiƙoƙi an gama. Shi ya sa zuciya ba ta ɗaukar abin a matsayin cin haƙƙi: ba ka fasa shagon kowa ba, ba ka ga fuskar wanda ya yi asara ba. Ƙanenka ya ce "Yaya, tura min," ka tura. Me ya fi wannan sauƙi?

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Mu leƙa waje kaɗan, don abin da muke ciki wasu sun riga mu shiga. A 1999 wani ɗalibi a Amurka mai suna Shawn Fanning ya ƙirƙiro manhajar Napster, wadda ta ba kowa damar ɗaukar waƙa daga kwamfutar wani ta intanet kyauta. Kamfanonin faifai suka kai ƙara a ƙarshen shekarar, ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta bi sahu a 2000, a 2001 Napster ta rufe. Rufewarta bai tsayar da komai ba, wasu manhajojin suka maye gurbinta. Daga 2003 sai kamfanonin suka juya kan masu sauraro da kansu, suka maka dubun-dubatar mutane a kotu. Wata mata a jihar Minnesota, Jammie Thomas, an yanke mata biyan dala 222,000 a kan waƙoƙi 24. A Faransa aka kafa hukumar Hadopi a 2009, ta riƙa aika wa mutane takardun gargaɗi. A Suwidin aka yanke wa masu shafin Pirate Bay hukuncin ɗauri a wannan shekarar.

Duk da haka ciniki ya ci gaba da zubewa. A 1999 kasuwar faifan waƙa a Amurka ta kai dala biliyan 14.6. Zuwa 2014 ta dawo wajen biliyan 7, rabi ke nan. Masana sun yi ta jayayya a kan ko kwafar ce ta jawo duk wannan. Wasu masu bincike biyu, Felix Oberholzer-Gee da Koleman Strumpf, sun fitar da nazari a 2007 suna cewa ba su ga wani tasiri na a zo a gani ba. Wani masanin tattalin arziki, Stan Liebowitz, ya ƙalubalance su, ya ce kwafar ce babbar musabbabi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yadda mutane suka dawo biya. Kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, waƙa ɗaya senti 99. Spotify ta fito a 2008, ka biya na wata ka ji duk abin da kake so. Da biya ya fi kwafa sauƙi, jama'a suka biya. Yau sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin waƙa a Amurka daga irin wannan sauraron ta intanet yake fitowa. Takardar sammaci ba ta dawo da mai saye ko ɗaya da daɗin rai ba.

To amma Briqueterie ba Amurka ba ce. Spotify ta iso Kamaru da Najeriya a 2021, Boomplay kuwa tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da itel da Infinix tun daga kwali, ga Audiomack, ga YouTube. Mutum nawa ne a layinku ke biyan kuɗin wata? Galibi ɓangaren kyauta muke amfani da shi, wanda talla ke ɗaukar nauyinsa, kuma abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga ƙasashenmu ya yi ƙasa ƙwarai da abin da suke biya a kan mai kallo daga Turai. Ga data da tsada, don haka mutum ɗaya zai sauke waƙar, layi guda ya karɓa daga wurinsa. Mawaƙi ya ga an kalla sau ɗaya, alhali gidaje 30 ne ke jin ta. Wani lokacin ma tashar da ka kalla a YouTube ba ta mawaƙin ba ce, wani ne ya ɗora da hotonsa yana karɓar 'yan kuɗin.

Doka fa? Akwai ta. Kamaru na da doka mai lamba 2000/011 ta ranar 19 ga Disamba 2000 a kan haƙƙin mai fasaha. Ta ba shi ikon aikinsa muddin ransa, sannan magadansa su ci gaba da cin moriya shekara 50 bayan rasuwarsa. Ta yarda ka kwafa don amfanin kanka kai kaɗai. Kwafa don sayarwa ko yaɗawa ba da izini ba laifi ne, kuma hukuncin ya kai ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ko tarar sefa 500,000 zuwa miliyan 10, ko duka biyun. Wanda ke sa waƙa don jan ciniki, otal ne ko gidan rawa ko gidan rediyo, doka ta ce ya biya. Hedikwatar OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka 17 da suka haɗa da Nijar da Chadi, a nan cikin Yawunde take, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke. Najeriya ita ma ta sabunta tata dokar, shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Maris 2023.

Kuma in ana maganar ƙasar da ta san zafin a ɗauki waƙarta, Kamaru na sahun gaba. André-Marie Tala, mawaƙin nan makaho, ya ji waƙarsa Hot Koki ta fito a bakin James Brown da wani suna a tsakiyar shekarun 1970. Ya kai ƙara, aka shafe shekaru, ya yi nasara. Manu Dibango ya fitar da Soul Makossa a 1972, shekarar da ƙasar nan ta karɓi gasar cin kofin Afirka. Shekara 10 bayan haka sai ga amshinta a cikin faifan Thriller na Michael Jackson. Aka sasanta a wajen kotu, aka biya shi. Da Rihanna ta sake ɗaukar amshin a 2007, ya koma kotu a Paris a 2009, wannan karon kotu ba ta karɓi ƙararsa ba. Zangalewa ta ƙungiyar Golden Sounds, waɗanda suka fito daga rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, ta fito a 1986, ta dawo mana a 2010 a bakin Shakira a matsayin waƙar gasar kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Aka yi surutu, aka zauna, aka daidaita.

Duk lokacin da aka ba da waɗannan labaran, ranmu kan ɓaci, mu ce dubi yadda manyan duniya ke cin gumin ɗan Afirka. Gaskiya ne, kuma ɓacin ran a wurinsa yake. Amma ku lura da wani abu. Tala da Dibango sun samu haƙƙinsu ne saboda wanda ya ɗauka mutum ɗaya ne, sananne, mai kamfani da adireshi da asusun banki. Mawaƙin da waƙarsa ke cikin memori dubu 50 daga Briqueterie zuwa New Bell ta Duwala zuwa Marwa, wa zai kai ƙara? Babu lauyan da zai iya wannan shari'ar.

Saboda irin wannan aka ƙirƙiro ƙungiyoyin karɓar haƙƙi: su tara kuɗi daga masu amfani da waƙa, su raba wa masu ita. Tarihinsu a ƙasar nan abin takaici ne. An yi SOCADRA, an yi SOCINADA. A 2003 aka kafa CMC, Manu Dibango da kansa ya shugabance ta, ya bar kujerar a 2005 cikin rikici, Sam Mbende ya hau. A Mayun 2008 ministar al'adu Ama Tutu Muna ta janye lasisin CMC, aka kafa SOCAM ƙarƙashin Odile Ngaska. Magana ta kai kotun ƙoli, ƙungiyoyi biyu kowace na cewa ita ce halastacciya. A 2013 aka zaɓi Ndedi Eyango, aka soke zaɓen a kan cewa yana riƙe da takardar zama ɗan Amurka. A 2017 aka sake sabon lale da SONACAM, Sam Fan Thomas a gaba. Duk shekarun da aka kwashe ana wannan ja-in-ja su ne daidai shekarun da faifai ya mutu, memori ya ci kasuwa. Mai otal da aka zo karɓar kuɗi a wurinsa sai ya ce wa zan ba a cikinku? Mai sauraro kuma ya samu hujjar da yake nema: ko na biya ba ya kai wa ga mawaƙin. In mawaƙan makossa da bikutsi da ke da suna a rediyon ƙasa suna kuka, ina ga yaronmu da ke rera waƙar Hausa ko ta Fulatanci a ɗan situdiyon bayan layi, wanda ko sunansa babu a rajista?

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, don turi ya yi wa wasu rana. Akwai wani Ba'abzine ɗan Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu, Mdou Moctar. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko, da irin gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke yi. Babu kamfanin da ya buga su. Daga waya zuwa waya suka bi, suka ratsa hamada har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley da ke tattara waƙoƙi daga memorin mutane ya ci karo da su. Ya fitar da faifai a 2011 da waƙoƙin da ya tsinta, ya bi sawun masu su don ya biya su, ya nemo Mdou Moctar. Yau mutumin nan yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. Ba don Bluetooth ba, da wataƙila har yanzu a bukukuwan Agadas kaɗai aka san shi. Haka nan Jaruma ta Hamisu Breaker: a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawarta a gida, ta zagaya duk inda Bahaushe yake. Babu kuɗin tallan da zai sayi wannan.

Na yarda da duk wannan. Turi na kawo suna. Amma a labarin Mdou Moctar, sai da aka samu wanda ya tashi ya nemi mai waƙar ya miƙa masa kuɗi kafin sunan ya zama abinci. Kuma ga kowane Mdou Moctar ɗaya akwai ɗaruruwa da waƙarsu ta zagaya, su kuwa suna nan inda suke.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wannan magana, kuma shi ne dalilin shirin yau. Mawaƙi ba zai zauna da yunwa ba. In mai sauraro bai biya ba, zai nemi wanda zai biya, kuma wanda ya biya shi ke zaɓen abin da za a rera.

A ƙasar Hausa ta dā, makaɗi da ubangidansa yake. Makaɗan fada na sarki ne, shi ke ba su doki da riga da hatsi. Makaɗan noma na manoma, na maƙera na maƙera, na 'yan dambe na 'yan dambe. Shata ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, suka ba shi kyautar da ake ba da labari har yau. Da rediyo da faifai da kaset suka zo, sai wani sabon ubangida ya bayyana, wato talaka mai 'yan canjinsa. Shi kaɗai ba zai iya ba da mota ba, amma in dubbai irinsa suka sayi kaset, mawaƙi zai rayu ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi waƙa a kan ɗan adam da halinsa, a kan zaman aure, a kan yaron mota da wahalarsa. Irin wannan waƙa babu attajirin da zai yi odar ta. Jama'a ne suka riƙe ta.

Da muka daina saye, mun sauka daga kujerar ubangida da kanmu. Wa ya hau? Ɗan siyasa, da mai kuɗin da zai aurar da 'ya, da ɗan kasuwar da ke son a ambaci sunansa a ƙarshen baiti. Ku saurari waƙoƙin da ke fitowa daga Kano da Kaduna a shekarar zaɓe, ku ƙirga nawa ne na yabon ɗan takara ko zagin abokin hamayyarsa. Ku ji na soyayya ma, yadda ake katse su ana jero sunayen alhazai da hajiyoyi. Ban ce waƙar siyasa ko ta biki aibi ba ce, tsohuwar sana'a ce mai daraja. Amma in ita kaɗai ke kawo abinci, mawaƙin da ke da abin faɗa a kan shaye-shayen matasa, ko tsadar aure, ko yaran da ke yawo ba makaranta, zai ajiye wannan baitin a littafi ya tafi inda ake liƙi. Sannan mu zauna a majalisa muna cewa mawaƙan yanzu ba su da ma'ana, sun zama maroƙa. Da hannun wa aka kai su can?

'Yan fim sun riga sun ga wannan. Kasuwar faifai ta Kano ta durƙushe, shaguna da yawa suka koma sayar da waya da caja. Masana'antar ta koma finafinai masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa a tashar Arewa24, da Labarina, da Izzar So a YouTube, inda talla da masu ɗaukar nauyi ke riƙe da su. Wasu sun tsira. Da yawa sun bar sana'ar.

Kuma akwai waɗanda ko suna ba su samu, balle a gayyace su biki. Yaron da ya haɗa kiɗan a kwamfuta. Yarinyar da ta yi amshi, aka sallame ta sau ɗaya, muryarta na tashi a kowane shago shekara da shekaru. Wanda ya rubuta baitin wani ya rera. Sai iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Muryoyinsu na cikin kusan kowane memori a unguwar nan, ana sayar da su kullum a teburin turi. Su ba za su sake zuwa biki a yi musu liƙi ba.

Mawaƙa, ku ma da sauran magana a kanku. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa waƙoƙin finafinan Hausa da dama an ɗora su ne a kan karin waƙoƙin Indiya, har wasu masu bege ma sun bi wannan hanya. Wani kuma ya ɗauki kiɗan ɗan'uwansa na situdiyon da ke kusa ya canza kalmomi. Wanda ke neman a kiyaye haƙƙinsa, ya fara da kiyaye na wani.

Ta fuskar addini, ni ba malami ba ne, abin da malamai suka zartar zan isar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta ta ba. Akwai malaman da ke ganin ilimin addini ba a killace shi, kuma masu wa'azi da yawa da bakinsu suke cewa a yaɗa karatunsu, ladan suke nema. Wanda ya ce a yaɗa, a yaɗa, Allah ya ba da lada. Wanda ya ce da wannan nake ciyar da iyalina, maganarsa daban ce. Ku tambayi limamanku a masallatan unguwa, za su ƙara muku haske fiye da ni.

Ƙanena mai turi, da kai nake yanzu. Ba na cikin masu cewa a zo a kwashe kwamfutarka a zuba a mota. Na san aikin yi ya yi wuya, na san da teburin nan kake biyan haya, wataƙila har da kuɗin makarantar ƙannenka. Kuma ka san abin da babu wani kamfani da ya sani: ka san waƙar da matan unguwa ke nema wannan makon, ka san wadda direbobi ke so, ka san wadda ta mutu. Kai ne ɗan kasuwar Ƙofar Wambai na wannan zamanin, kwali ne kawai babu. Me zai hana ku masu wannan sana'a, na nan da na Avenue Kennedy da na Mokolo, ku haɗa kai ku zauna da mawaƙan da ke kusa da ku? Sabuwar waƙa ta fara zuwa hannunku da izini, ku ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin turi, ku riƙa rubutawa, ƙarshen mako ku tura wa mai ita ta Orange Money ko Mobile Money. Ba zai zama cikakke ba, wani zai ɓoye lissafi. Amma zai fitar da kai daga layin wanda dokar 2000 ke iya hawa kansa kowace safiya, ya mai da kai wakili.

Hajiya uwar biki, in an ɗauko mai sa kiɗa ya cika fili da waƙar yaron unguwa, kuma yaron yana nan da ransa a bayan layinku, a gayyato shi ya rera da bakinsa, liƙin ya faɗa a goshinsa. Mai sauraro kuma, in za ka kalla a YouTube, duba ka tabbata tashar mawaƙin ce ta gaskiya. In abokinka ya ce ka tura masa, tura masa adireshin waƙar ya buɗe da kansa in yana da hali. Mawaƙa da yawa suna sa lambar waya a jikin bidiyonsu. Waƙar da ta raka ka wata uku a kan keken ɗinki, in ka aika wa mai ita sefa 500 ba ka yi ɓarna ba, kuma ka gaya masa wace waƙa ce, don ya san irin wadda jama'a ke son ya ƙara.

Ku kuma mawaƙanmu na nan gida, ku rubuta yarjejeniya kafin ku shiga situdiyo, ko da rabin shafi ce: wa ke da kiɗa, wa ke da baiti, nawa ne rabon mai amshi in waƙa ta yi kasuwa. Ku buɗe tasharku da sunanku kafin wani ya buɗe muku. Ku je ku yi rajistar ayyukanku duk da tarihin da na karanto, don ranar da wani babba zai ɗauki amshinku, takarda za a tambaya. Tala ya ci shari'arsa ne saboda ya iya nuna cewa waƙar tasa ce tun kafin ta tsallaka teku.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan wannan yarjejeniyar ta situdiyo, mu bi ta sashe-sashe: abin da ya kamata ta ƙunsa, wa zai sa hannu, wa zai yi shaida, da abin da mai amshi za ta nema kafin ta buɗe baki. Masu turi da mawaƙa da masu situdiyo, ku aiko mana da tambayoyinku da ƙorafinku, har da wanda bai ji daɗin maganata ta yau ba, za mu karanta.  

(Kiɗan rufe shiri)